Ga Malamin da Ke Son Komawa Aji a Sabuwar Ƙasa

Malam, ko shekara goma ka yi kana riƙe alli, ranar da ka sauka a wata ƙasa sai an sake tantance ka. Kada hakan ya ɓata maka rai. A can koyarwa aiki ne na lasisi, kamar aikin jinya, kuma kowace ƙasa da ƙofarta.

A Amurka babu lasisi guda na ƙasa baki ɗaya, kowace jiha ke ba da nata, kuma da yawa cikinsu na neman jarrabawar tantance malamai da ake kira Praxis. Haka Kanada take, kowane lardi da hukumarsa. A Ingila shaidar cancantar koyarwa da ake kira QTS ake nema, kodayake doka ta bai wa malamin da ya samu horo a waje damar koyarwa har shekara 4 kafin ya mallake ta. Kwas ɗin horar da malamai na bayan digiri da ake kira PGCE, wanda hanya ce ta samun QTS, kuwa yawanci shekara 1 ne.

Abin da ya fi cinye lokaci shi ne takardun baya. Hukumomin tantance takardun karatun ƙasashen waje irin su WES ba sa karɓar sakamakon karatu daga hannunka, sai jami'arka ta aika musu kai tsaye. Ga takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumar rajistar malamai, ga ta 'yan sanda. Fara bin waɗannan tun yau, don wani lokaci sukan ɗauki watanni. Ka kuma sani cewa kusan ko'ina digiri ake nema. Wanda bai kai nan ba sai ya ƙaro karatu.

Shawarata mafi girma dai: kada ka zuba kuɗi a kwas kafin ka leƙa aji. Nemi aikin mataimakin malami, ko na mai cike gurbin malamin da bai zo ba, ko da na zango ɗaya ne. A nan za ka ga gaskiyar lamarin. Babu bulala, a Ingila an haramta dukan ɗalibi a makarantun gwamnati tun shekarun 1980. Yaro zai tambaye ka dalilin umarnin da ka ba shi, yana kallon idonka, kuma ba raini yake nufi ba. Iyaye za su rubuto maka wasiƙa kan maki. Idan yaro ya faɗa maka abin da ke nuna ana cutar da shi a gida, wajibi ne ka kai rahoto nan take, ba ka ce bari ka sasanta da kanka ba. Na fi son ka gane ko zuciyarka za ta ɗauki wannan tun kana karɓar albashi, ba bayan ka ci bashin karatu ba.

Aikin mataimakin ko na cike gurbin ne kuma zai samar maka shugaban makarantar da zai tsaya maka shaida ranar neman aiki. In fanninka lissafi ne ko kimiyya, ka ambata da wuri, don nan ne makarantu suka fi ƙarancin malamai.