Yadda Ake Zaɓen Noti da Sukurun Roba Inda Sinadari Ke Cin Ƙarfe

Duk wanda ya yi aiki a matatar ruwa da ake zuba kulorin, ko a masana'antun jimar fata na Challawa da Sharaɗa a Kano, ko a ɗakin ajiye baturan sola, ya san yadda tururin sinadari ke cinye noti har ya gagari sifana. Ƙarfe marar tsatsa ma ba ya tsira, domin gishiri da kulorin suna huda masa ƙananan ramuka. Shi ya sa ake komawa ga na roba, sai dai roba iri-iri ce, kuma kowane iri yana da sinadarin da ke lalata shi.

Kafin a sayi komai, a rubuta ainihin sunan sinadarin da zai taɓa notin, da ƙarfinsa, da zafi mafi yawa da wurin ke kaiwa, sannan a gwada su da jadawalin da kamfanin da ya ƙera kayan ya fitar, saboda robar da ke jure asid mai sanyi tana iya kasawa idan asid ɗin ya ɗumama.

Nailan ne ya fi yawa da araha, yana jure mai da gires, amma yana shan ruwa ya kumbura, kuma asid mai ƙarfi yana cin sa, don haka kada a kai shi kusa da ruwan batir. Robar PP, wato polypropylene, ta fi shi jure asid da soda, wato sodar kaustik, sai dai ba ta da ƙarfi sosai, kuma tana laushi idan zafi ya doshi digiri 100 a ma'aunin Celsius. Inda kulorin yake, robar da ake kira PVDF nake fifitawa, domin tana aiki har wajen digiri 150. Rauninta shi ne soda mai ƙarfi, wadda kan tsattsaga ta, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Robar PTFE, wadda aka fi sani da Teflon, kusan babu sinadarin da ke cin ta har zuwa digiri 260, amma taushinta ya sa ba ta riƙe nauyi. Robar da ake kira PEEK ta haɗa ƙarfi da jure zafin da ya kai digiri 250, amma tana da tsada ƙwarai, kuma asid ɗin salfa mai kauri yana narkar da ita.

Ɗaurin ma yana buƙatar kula. Roba tana miƙewa a hankali idan aka matse ta, kuma tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe ninki da dama, saboda haka ɗaurin da ya yi daidai yau zai iya sakewa gobe. A ɗaura da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da mai ƙerawa ya bayar, wanda ya yi ƙasa sosai da na ƙarfe, a sa washa mai faɗi, a dawo bayan kwana ɗaya a sake dubawa. Idan a rana za a kafa kayan, a nemi baƙin noti wanda aka sa wa kariyar hasken rana. Inda kuwa nauyi mai yawa zai rataya a kan notin, ko faɗuwarsa za ta jikkata mutum, a nemi injiniya ya yi lissafi tukuna.