Babi na 6: Zama Ƙarƙashin Bishiya Don Rage Damuwa

Darasi na 1

Sannunku da ƙoƙari iyayena da yayyena. Wannan babin na mai fama da damuwa ne, tunani ya yi yawa, barci ya ƙi zuwa, abinci ma ba ɗanɗano. Likitocin ƙwaƙwalwa da dama kan ba da magani sannan su ce a riƙa fita wurin da ke da bishiyoyi da ciyayi. A Japan tun 1982 suke ce wa abin wankan daji, ba wanka da ruwa ba ne fa, yawo ne a hankali cikin itatuwa. A Ingila kuma an fitar da wani bincike a 2019 kan mutum kusan 20,000, aka ga masu samun awa 2 a sati a irin wuraren nan sun fi jin lafiya da kwanciyar hankali. Awa 2 minti 120 kenan. In kana yin minti 20 kullum, ka cika har da rara.

Darasi na 2

Nemi inuwa. Mu a Zariya ba ma rasa rimi ko mangwaro ko darbejiya, wanda ke Samaru ga bakin ruwan Kubanni nan. In kana tsoron tsamiya bar ta, ba dole.

Yanzu ciro wayarka. Kashe ta. Ba rage ƙara na ce ba, ka kashe ta gaba ɗaya har fuskar ta yi baƙi. Ta yi baƙi? Madalla, ka iya. Sa ta a aljihu, Inna ke kuma ki sa a jaka ki zuge.

Zauna. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, sake shi ta baki sannu sannu. Dubi ganye yadda iska ke kaɗa shi, saurari kurciya, taɓa bawon itacen ka ji kaushinsa. Hannu zai so komawa aljihu, na sani, ni ma yana min. Bar wayar.

Satin da ya wuce wani baba a ajinmu ya ce ya yi zaman bai ji komai ba, da na bincika ashe minti 20 ɗin nan labarin rasuwa da tsadar masara yake saurara a WhatsApp. Haba Baba! To ina amfanin inuwar? Sau nawa zan faɗa, a kashe waya. Mai jiran kira ya gama kiransa tukun sannan ya zo, ya kashe.

Darasi na 3

Kar ka daina shan maganin da likita ya rubuta maka don kana zama a inuwa. In tunanin cutar da kanka ya zo maka, faɗa wa na kusa da kai, ku tafi asibitin koyarwa na Shika a ranar.

Darasi na 4

Da damina a fita bayan an ɗauke ruwa, kar a fake a gindin bishiya ana tsawa. Da hunturu a bari hantsi ya fito. Waya dai a kashe.