Idan mota ta ƙi tashi bayan an sa mata rimot mai tayar da inji

Sana'ata rewaya ce, wayoyin mota nake gyarawa a Kano. Cikin 'yan shekarun nan ana yawan kawo mini mota mai ciwo iri ɗaya: lafiyarta ƙalau, mai ita ya kai aka sa mata na'urar nan da ake danna rimot daga cikin gida inji ya tashi, ba a jima ba ta ƙi tashi. Wasu ma ba su suka sa ba, da abinta ta zo daga Kwatano. Motocin Amurka da Kanada da yawa suna zuwa da na'urar kamfanin Compustar ko Viper a ɓoye ƙarƙashin sitiyari, domin can sanyi ke sa mutum ya tayar da mota tun yana ɗaki. Mu nan zafi ne, ana so esi ta sanyaya kujera kafin a fito.

Roƙona ɗaya ne kafin komai, ɗan'uwa: kada ka canja kowane kaya tukuna. Kada ka sayi kik, kada ka sayi famfon mai, kada ka yarda wani ya leƙa ya ce maka biren bokis, wato kwamfutar mota, ya ƙone. Motar da ke tashi jiya, aka taɓa wayoyinta, yau ta ƙi, a inda hannu ya shiga za a fara nema. Yana yi mini ciwo in ga mutum ya zubar da kuɗi a Kofar Ruwa alhali waya ɗaya ce ta saki.

Ka fara da tambayar da ke raba aikin gida biyu: da rimot ne kawai take ƙin tashi, ko har da makulli?

Idan makulli yana tayar da ita, ka kwantar da hankalinka. Na'urar ce take ƙi da gangan, saboda an ƙera ta kada ta tayar da inji in ta ga alamar haɗari. Duba ɗan maɓallin da aka sa a bakin bonet. In ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, na'urar za ta ɗauka bonet a buɗe yake, makaniki na ciki da hannunsa. Duba wutar birki ta baya, in tana kunne ba a taka ba, nan ma ba za ta tashi ba. Akwai kuma ɗan maɓallin kashe na'urar da ake ɓoyewa kusa da gwiwar direba, ƙafa ko yaran wankin mota kan taɓa shi. Yawancin na'urorin nan suna ƙyafta ƙananan fitilu sau kaza don su faɗi dalilin ƙinsu, ka ƙirga ka duba takardar da ta zo da ita. In kuwa tana tashi da rimot ta mutu nan take, ko kik ya ci gaba da gurza bayan inji ya kama, to ba a koya wa na'urar juyin injin daidai ba, mai sawa ne zai sake saita ta.

Idan har da makulli ta ƙi, sai ka saurara da kyau, kunnenka zai yi maka rabin aikin.

Amma auna batir tukuna, shi ne mafi araha. Mai sa na'ura kan bar ƙofofi a buɗe da makulli a kunne na awanni yana aiki, batir mai rauni ba ya jure wannan. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a mita in mota na kashe. In ya sauka ƙasa da 12.2 a yi masa caji. Lokacin da ake murɗa makulli kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Idan kullum da safe batir ya mutu, mai yiwuwa na'urar ce ke shan wuta da dare: motar da ta yi barci sosai bai kamata ta riƙa jan abin da ya wuce miliamfa 50 ba.

Batir lafiya, ka murɗa makulli, dashbod ya kawo wuta amma shiru, kik bai motsa ba? In mai giya otomatik ce, matsar da ita zuwa N ka sake gwadawa. In ta ƙi, zargina na farko wayar kik ce. Na'urori masu haɗe da alam sukan sa a yanke wayar da ke tafiya daga makulli zuwa kik, a ratsa ta cikin wani ɗan rile, wato maɓallin da wuta ke buɗewa da rufewa, don in ɓarawo ya zo a hana shi kik. In rilen ya mutu, ko haɗin ya saki, kai ma mai mota an hana ka. Nemo bakin wayar biyu da aka yanke, haɗa su kai tsaye, gwada makulli. Sau da yawa nan magana take ƙarewa. In dashbod ma bai kawo wuta ba, fiyus ne: a Toyota duba AM1 da AM2, su ke kai wuta ga makulli, sannan EFI. Na'urar ita ma tana da nata fiyus a jikin jajayen wayoyinta masu kauri. Fiyus da ya ƙone a mayar da mai lambarsa daidai. In ya sake ƙonewa, waya na taɓa ƙarfe a wani wuri, kada a ɗaura masa zaren waya. Duba kuma baƙar wayar da aka ɗaure a jikin mota, dole ta kwanta a kan tsurar ƙarfe, ba kan fenti ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: kik yana juyawa da ƙarfinsa, inji bai kama ba, ko ya kama daƙiƙa ɗaya biyu ya mutu. Wannan kusan kullum aikin imobilaiza ne. A cikin kan makullinka akwai wata 'yar ƙwayar cif, a bakin ramin makulli kuma akwai zobe mai karanta ta. In kwamfutar mota ba ta ga cif ɗin da ta sani ba, sai ta hana mai ko wutar filogi. Turai ta wajabta wannan tsari ga sababbin motoci tun 1998, Kanada kuma tun Satumbar 2007, shi ya sa da wuya ka sami motar zamani da ba ta da shi. To rimot yana tayar da mota ba makulli a ciki, dole a san yadda za a gamsar da kwamfutar. Masu aiki mai kyau suna sa wani ƙaramin akwati, irin na iDatalink ko Fortin, wanda ake saita wa ainihin samfurin motar da shekararta. Masu aikin gaggawa kuwa cire cif suke yi daga makulli na biyu su manna shi da salatif a jikin zoben. Zafin rana ya narkar da gam, cif ya zame, mota ta mutu. Ko kuma cif yana nan manne, ka zo da ɗaya makullin mai nasa cif, zoben ya ji biyu lokaci guda ya rikice. Ni ban yarda da wannan dabara ba ko da tana aiki, domin duk wanda ya yanko makulli a kasuwa zai iya tafiya da motarka.

Dashbod zai gaya maka. A Toyota jar fitilar tsaro tana ƙyaftawa in an zare makulli, ta mutu da zarar an sa na gaskiya. In ta ci gaba da ƙyaftawa makulli na ciki, ba a karanta cif ba. A Honda koren hoton makulli ne ke ƙyaftawa. Cire murfin sitiyari ka duba zoben, sau tari an ture shi ne ko an manta ba a mayar da soket ɗinsa ya zauna ba. Kuma ka daina yi mata kik a kai a kai. Nissan tana kulle kanta in an yi ta gwadawa da makullin da ba ta gane ba, ta ajiye lambar matsala P1610, ka ƙara wa kanka aiki. In aka sa wa Toyota kwamfutar binciken matsala aka ga lamba B2796 ko B2799, maganar makulli da imobilaiza ce, ba famfon mai ba. Famfon ma kada a yi saurin yanke masa hukunci: Honda kan yi ƙugi na daƙiƙa biyu in an kunna makulli, amma Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai ana kik.

Motar da ke tashi yau ta ƙi gobe, haɗin waya ne. Murɗe waya a naɗe da salatif ba ya daɗewa a hanyoyinmu. A bi kowane haɗi a like shi da dalma a rufe. Sai dai duk soket ko waya mai rigar rawaya a yankin sitiyari ta jakar iska ce, kada a soka mata fitilar gwaji.

In duk wannan bai fito da ita ba, a mayar da mota yadda kamfani ya yi ta. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka, cire kan batir na baƙar waya, jira aƙalla daƙiƙa 90, zare soket-soket na na'urar gaba ɗaya, haɗa duk wayar da aka yanke launi da launi, mayar da cif cikin makullinsa. In ta tashi, ka koma wurin wanda ya sa, da hoton a hannunka, ya gyara aikinsa. In ba ta tashi ba, a nan ne ya halatta a sa kwamfuta a fara zancen sensa da biren bokis.

Kafin ka yarda a mayar da na'urar, duba abu biyu. In kana kwana da mota a rufaffen gareji manne da ɗakuna, kada ka tayar da ita da rimot a ciki, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. In kuma motarka mai kuloci ce, na'urar da ba a ƙera don irinta ba tana iya yin kik ko da an bar motar a giya, mota ta zabura a tsakar gidan da yara ke wasa. Irin wannan in aka kawo mini, cirewa nake yi in miƙa wa mai ita a leda.