In magana ta ƙi ƙarewa, tashi ka zana

Jama'a, ga wata 'yar dabara. In kuna taro ka ga magana sai zagaye take yi, ɗauki biro ka zana abin a allo ko a bayan takarda.

Ba sai ka iya zane ba. Akwati, kibiya, da ɗan mutum mai ƙafar tsinke sun isa.

Kwanaki muka kusa awa guda muna gardama kan hanyar da takarda ke bi kafin a sa mata hannu. Na zana akwati 4, na haɗa su da kibiya. Nan take wata ta ɗora yatsa a kan na ukun ta ce, "Ai nan take kwana!" Ashe kowa da hoton da ke kansa. Magana da an faɗe ta ta wuce, zane kuwa yana nan, a nuna, a goge, a gyara.

A karatu ma haka. Rufe littafin ka zana abin da ka gane. Inda kibiya ta rasa wurin zuwa, koma ka sake karanta nan.

Amma fa in rigimar ta son zuciya ce, zane ba ya raba ta. Kuma kada ka cika allon da akwatuna, sai a koma gidan jiya. Kafin a goge, ɗauki hotonsa da waya.