Kurakuran da sababbin masu zanen fuska ke ta maimaitawa

Shekara 14 ke nan ina zanen fuskokin mutane a ɗan shagona da ke Sabon Tasha a Kaduna, kuma kusan kowane mako sai wani matashi daga majami'armu ko daga Narayi da Barnawa ya kawo mini aikinsa in duba. Hannu kam akwai shi, Allah ya ba su. Amma kuskuren da na gyara wa na jiya shi ne na yau zai shigo da shi, har bakina ya gaji.

Ƙananan tukuna. Idanu a tsakiyar kai suke, rabi sama rabi ƙasa, ba can kusa da gashi ba. Ka auna da fensirinka kafin ka ɗora komai. Kada ka karɓi hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya, domin kusancin kyamara yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa. Ni nakan nemi hotuna 3 aƙalla. Haƙora ba farare fat ba ne, haka ma farin ido. Zanen gawayi kuwa, in ba ka fesa masa maganin riƙewa ka sa shi bayan gilashi ba, hannun yaro ɗaya ya isa ya share aikin mako guda.

Babban kuskuren, wanda har gobe nake jin ciwonsa, shi ne yi wa mutum kwaskwarima. A shekarata ta uku wata mata ta kawo hoton mahaifiyarta da ta rasu, 'yar Zumuntar Mata daga wajen Kagoro, tana so a ajiye zanen a gaban akwati ranar jana'iza. Tsohuwa ce baƙa, da tsage a kumatu, da furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalin anko. Na zauna na haska fatarta, na share tsagen, na goge tamoji, a zatona karramawa nake yi. Da 'yar ta zo karɓa, sai ta tsaya shiru, can ta ce, "Malam, wannan wace ce? Ina Mamana?" Ta juya ta fita da hawaye. Kuɗin fenti da kyalle da firam duk sun bi ruwa, amma ba su suka hana ni barci ba. An binne tsohuwar nan da ƙaramin hoton fasfo a jikin takardar tsarin sujada, saboda ni na ga fuskar da Allah ya ba ta ba ta isa ba.

To, ku gaya mini, wa ya aike ku gyaran halitta? Muna karantawa a Farawa 1:27 cewa Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, mu ce amin da ƙarfi ranar Lahadi, ranar Litinin kuma mu ɗauki burushi mu mayar da baƙar mace fara kamar ta shafa man bilicin. Karin Magana 16:31 ya kira furfura rawanin daraja, kai kuma kana rine ta. Tsagen nan shaidar gidansu ce, da shi jikoki za su san inda suka fito. Ku shiga gidan tarihi da ke titin Ali Akilu, ko ku nemi hotunan kawunan yumɓu na Nok, nan kudancin jiharmu, waɗanda aka ƙera fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masu ginin nan ba su ji kunyar leɓe da hanci da kitson mutanensu ba. Kai da ka san Mahalicci, me ya sa za ka ji?

Sau da yawa ba mugun nufi ba ne, rashin iya haɗa launi ne. Yaro ya zuba baƙin fenti don ya samu baƙar fata, fuska ta fito kamar toka, sai ya tsorata ya koma ga fari. Ni na daina sa baƙi a fata gaba ɗaya. Ina farawa da makuba da jan ƙasa, in ƙara shuɗi a inuwa, in sa ɗan ruwan ɗorawa inda haske ya faɗa a goshi da ƙashin kumatu. Wasu malaman da suka yi karatu a Zariya suna da nasu haɗin, ban ce nawa ya fi ba, amma shi hannuna ya saba da shi. Idan wanda zan zana da kansa ya ce in haska shi, nakan zana masa ɗan gwaji a takarda da launinsa na gaskiya. Yawanci da ya gani yakan ce a bar shi haka.

Na biyu shi ne kunyar faɗin farashi. Ɗan'uwa ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ai aikin Ubangiji ne," sai ka kasa buɗe baki, ka sayi kaya da kuɗin hayarka, ka koma kana zane kana gunaguni a zuci. Gunagunin nan kuwa yana fitowa a aikin. Yesu da kansa ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, yana nan a Luka 10:7. Ka faɗi kuɗinka, ka karɓi rabi kafin alƙalami. Kyauta kuma ka zaɓi wanda za ka yi wa da kanka. Ni ina ware biyu a shekara don gwauraye da marayu, kuma su ne nake yi da zuciya mafi sauƙi.

Kada ka yi alkawarin fentin mai cikin kwana 4, balle da damina. Na gaggawa akrilik ne, fenti mai saurin bushewa. Da hunturu ka juya ɗanyen zane ya fuskanci bango, in ba haka ba ƙura ta manne har abada. Man sheƙi kuwa sai fentin mai ya yi wata 6. Maƙwabcinka Musulmi ka tambaye shi kafin ka zana shi ko wani nasa, domin akwai waɗanda ba sa son hoton mai rai a gida, kuma wannan haƙƙinsu ne.

Sai kuma masu ba ɗan keke zane ya kai. Kai kanka kake cuta. Bara na ɗauki zanen wata marigayiya na kai wa mijinta a Kakuri, dattijo mai shekaru sama da 80. Ya sa tabarau, ya miƙa yatsa ya bi wushiryarta a hankali, ya ce, "Ɗana, haka take dariya in na dawo daga aiki." Ya kira jikokinsa ɗaya bayan ɗaya su zo su gaishe ta, sannan ya riƙe hannuna muka yi addu'a a tsaye, shayin da aka kawo mini har ya huce.