Hagu ko dama: ɓangaren da ake kamawa a wasan reslin

A Amurka, Ingila da Japan, ƙa'idar 'yan reslin, wato kokawar nishaɗi da 'yan wasa ke haɗa baki su yi, ita ce hagu. Wajen kamun farko, ɗora hannunka na hagu a ƙeyar abokin karawarka, na dama kuma ya riƙe gwiwar hannunsa na hagu. In za ka murɗe hannu, na hagunsa za ka kama. In za ka maƙale kansa, hammatarka ta hagu. Gogayyar kafaɗa ma hagu da hagu ce.

Dalili? Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi wasa ba tare da dogon shiri ba, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai nufa. Da ɗaya ya kauce ta dama, sai goshi ya haɗu da goshi, ko kafaɗa ta goce.

Igiyar da ta kewaye dandalin wasa kuwa da ɓarin dama ake faɗa mata, hannun dama na saman igiyar sama, don ko ta tsinke kana da abin riƙewa.

A Meziko yawanci dama suke kamawa. Saboda haka kafin ku hau dandali da ɗan can, ku zauna ku daidaita ɓangare ɗaya. Kuma hannun abokin karawarka da ka fara wahalarwa, kada ka sauya shi. 'Yan kallo suna lura.