Yadda za ka gano abin da ke juya zafin teku da modal ɗin yanayi

Arewacin Atlantika ya yi ɗumi daga wajen 1930 zuwa 1960, ya huce har tsakiyar shekarun 1990, sannan ya sake ɗumama. Toh tekun ne da kansa ke wannan juyi, ko wani abu ne daga waje ke tura shi? Awon da ake da shi bai wuce shekara 150 da ƴan kai ba, juyin kuma na cin shekara 60 zuwa 80, ka ga zagaye biyu kenan kacal, shi ya sa dole a koma kwamfuta, wato modal ɗin da ke kwaikwayon yanayin duniya.

Fara da gwajin da ake kira piControl na CMIP6, wato tarin gwaje-gwajen modal na cibiyoyin bincike na duniya, kyauta ake saukewa. A nan an ƙulle komai yadda yake a 1850, hayaƙi ba ya ƙaruwa, a bar modal ya yi ta gudu shekara 500 ko fiye, don haka duk hawa da saukar da ka gani na cikin gida ne. Amma fa ka cire zamewar da modal ke yi a hankali tukuna, don ƙasan teku sai ya ɗau dubban shekaru kafin ya zauna, in ba haka ba sai ka ɗauka ka gano wani abu alhali modal ne bai gama nutsuwa ba.

Daga nan nemi gwaji ɗaya da aka maimaita sau da yawa, kamar na modal ɗin Amurka CESM mai guda 40, wanda bambancinsu a farko ɗan mitsitsi ne a zafin iska. Haɗa su ka fitar da matsakaici, wannan shi ne turin waje, ka debe shi daga kowanne, ragowar na cikin gida ne. Ni dai ban yarda da masu jan miƙaƙƙen layi su debe kawai ba, ɗumamar duniya ba a miƙe take tafiya ba ai.

Turin wajen ma rarraba shi, gwajin hist-aer na ƙurar da ɗan Adam ke watsawa a iska ne kaɗai, irin su salfet, hist-nat kuma rana da aman wuta, irin na dutsen Pinatubo a Filifin a 1991 da ya sauke zafin duniya da kusan rabin digiri.

Sai gwajin da na fi so, a kashe kwararar ruwan teku a cikin modal, a bar saman teku kamar faranti. In juyin ya ci gaba, toh hargitsin iska ne teku ke tarawa a hankali, abin da masanin yanayi Klaus Hasselmann ya bayyana tun 1976. In ya ɓace, sai ka zargi AMOC, wato babbar kwararar da ke kai ruwan ɗumi arewacin Atlantika ta dawo da mai sanyi ta ƙasa, kodayake ita sai a 2004 aka fara auna ta ba yankewa.